Cikon Salansar Babur: Wanne Za A Saro?

Muna jan hankalin 'yan kasuwa da dillalan babura na Dugabau, Kabo da Gwarzo. In salansa mai buɗuwa ta fara ƙara kamar bindiga, galibi cikonta ne ya ƙone. Shawararmu a saro audugar gilashi mai dogon zare, don tana jure zafi, tana shanye ƙara. Soson ƙarfe na wanke tukunya da araha, amma tsatsa ke cinye shi. Tsumma kuwa wuta yake kamawa. Asbestos ma kul, ƙurarsa na jawo ciwon daji. A naɗe bututun nan mai huji-huji daidai, in an danƙara ƙarar na nan. Mai saye salansa yake saurare kafin ya taya. Allah ya ba mu kasuwa, amin.