Amsoshin Takardunku: Me Ke Kawo Ambaliya Alhali Ba A Yi Ruwa Ba?

Wani mai sauraronmu daga Dogon Daji, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, ya aiko da tambaya. Ya ce bara gonarsa ta shinkafa da ke fadamar Kebbe ta nutse, ga shi kuwa an kwana biyu ba a ga ko yayyafi ba. Shin dam aka buɗe musu?

To malam, Allah ya mayar da alheri. Amsa a taƙaice ita ce, ruwan da ya ci gonarka ba lallai a kanka ya sauka ba. Gulbin Zamfara da ke ratsa ƙasar Kebbe daga gabas yake tahowa, ta wajen Anka da Gummi. Idan aka yi ta sheƙa ruwa can cikin Agusta da Satumba, lokacin ƙasa ta riga ta ƙoshi ba ta ƙara sha, sai duk ya gangaro gulbi ya iske ka kana barci. Sare itatuwan bakin gaɓa kuma yana sa yashi ya cike gulbin, ruwa ya rasa wurin zama.

Batun dam kuwa, a nan mutane ke yawan ruɗewa. Madatsar Goronyo a kan gulbin Rima take. Ruwanta ta Sakkwato yake bi zuwa Argungu da Birnin Kebbi, kamar yadda aka gani a 2010 lokacin da ambaliya ta yanke gadar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba ya biyowa ta gonarka.

Abin yi fa? Ka kafa turke a bakin gulbi, ka yi masa zane-zane, kana dubawa safe da yamma. In ka ga ruwa na hawa babu sassauci, sanar da mai gari, a kwashe dabbobi da hatsi zuwa tudu tun da rana. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara kafin shuka, ka nemi malamin gona ya fassara maka. Kuma don Allah kada ka zuba duk irinka a fadama, raba shi da gonar tudu. 'Yan kasuwa, ku ɗora buhunanku bisa katako, ba a kan daɓe ba.

Sai jirgin ruwa. A watan Afrilu na 2022 mutum 29 daga Gidan Magana, yawancinsu yara da matasa, suka rasu a gulbin Shagari, nan maƙwabtanku. In ka ga an cika jirgi, haƙura ka jira sahu na biyu, ko da kasuwa za ta watse.

Bayan ruwa ya janye ma da sauran aiki, domin yakan haɗa masai da rijiya. A tafasa ruwan sha. Wanda amai da gudawa ya kama, a dama masa sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, yana kurɓa ana hanyar asibiti.