Raymond Loewy: Daga zanen tufafin mata zuwa tsara ɗakin 'yan sama-jannati

Duk wanda ya zauna a Fatakwal ko Legas ya san tambarin kamfanin Shell, wannan ƙwaryar kifin mai ruwan ɗorawa da jan baki. Siffar da muke gani yau ta fito ne a 1971 daga ofishin wani Bafaranshe mai suna Raymond Loewy. Abin mamaki, mutumin bai fara rayuwarsa da zanen tambari ba.

An haife shi a birnin Paris a 1893. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya har ya kai muƙamin kyaftin. Da yaƙi ya ƙare, ya shiga jirgin ruwa zuwa New York a 1919, baƙo ne shi, kamar yadda da yawanmu muka sauka a Kudu. Aikin da ya fara samu shi ne jera kaya a tagogin manyan kantuna irin su Macy's, sannan ya koma zana hotunan tufafin mata ga mujallun Vogue da Harper's Bazaar. Wajen shekara goma yana nan.

A 1929 ƙofa ta buɗe. Kamfanin Gestetner na Ingila, masu injin buga takardu da tsofaffin ma'aikatan ofis da malaman makaranta suka sani sarai, ya nemi ya gyara masa fasalin injin. Loewy ya ɗauki yumɓu ya gina wa injin riga, ya rufe ƙarafan da ke tsirara suna tara ƙura. Injin bai sauya aiki ba, amma ya fi tsafta da daɗin riƙewa.

To, wannan ita ce sana'ar da ake kira tsara fasalin kayan masana'anta. Injiniya ne ke sa abu ya yi aiki. Shi kuwa mai tsara fasali damuwarsa ita ce hannun mai amfani da idon mai saye: ina mariƙi zai zauna, yaya za a goge shi, nawa ƙirarsa za ta ci.

Daga nan sai aiki ya yi ta kiran aiki. A 1934 ya tsara firjin Coldspot ga kantunan Sears, ciniki ya tashi. Ya gyara fasalin kawunan jiragen ƙasa na Pennsylvania, da motocin Studebaker, da bas-bas na Greyhound. A 1962, zamanin Shugaba Kennedy, shi ya zaɓi launin shuɗi da fari na jirgin shugaban Amurka. Daga 1967 zuwa 1973 kuma ya yi wa hukumar NASA aiki a kan tashar Skylab, inda ya dage a saka taga domin 'yan sama-jannati su riƙa hango duniya, kuma su ci abinci tare.

Me ya haɗa firji da jirgin ƙasa da tambari? Ƙa'ida ɗaya ya riƙe: ka kai abu gaba iya yadda za ka iya, amma kada ka wuce inda mutane za su karɓa. Sabon abu idan ya cika baƙunta, kasuwa ba ta ɗauka.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba shi kaɗai ya zana komai ba. Yana da tarin ma'aikata, kuma sau da yawa sunansa ne ke fita, nasu ya ɓace. Har kwalbar Coca-Cola wasu ke jingina masa, alhali tun 1915 aka ƙirƙiro ta.

Ya rasu a Monako a 1986. Ga matasanmu masu zanen allon talla da masu aiki a gidajen ɗab'i na Shomolu, da ma iyayen da ke ganin zane wasan yara ne, tarihinsa abin dubawa ne. Idon da ya koya a tagar kanti, da shi ya ci abinci har ƙarshen rayuwarsa.