José Luis Chilavert: Mai Tsaron Gida da Ya Ƙi Zama a Gida

A al'adar wasan ƙwallon ƙafa, aikin mai tsaron gida guda ɗaya ne, wato ya hana ƙwallo shiga raga. Shi kaɗai aka yarje wa taɓa ƙwallo da hannu, shi ne kuma aka fi ɗora wa laifi idan aka sha kashi. Wannan maƙala za ta duba rayuwar wasa ta wani gola ɗan ƙasar Faraguwai wanda bai yarda da wannan iyaka ba, domin a ga inda ya yi fice da kuma abin da halinsa ya jawo masa.

An haifi José Luis Chilavert ranar 27 ga Yuli, 1965, a garin Luque, kusa da Asuncion babban birnin ƙasar. Ya soma wasa a ƙungiyar garinsu, Sportivo Luqueño, ya koma Guaraní inda suka ci gasar ƙasa a 1984, daga nan sai San Lorenzo ta Ajantina, sannan Real Zaragoza ta Sifen a 1988. Duk wannan share fage ne. Sunansa bai fito sosai ba sai da ya komo Ajantina a 1991 ya shiga Vélez Sarsfield, ƙungiyar wata unguwa ta birnin Buenos Aires wadda ba a lissafa ta cikin manyan ƙungiyoyi biyar na ƙasar. A ƙarƙashin mai horarwa Carlos Bianchi, Vélez ta ci gasar ƙasa a 1993. A 1994 ta ɗauki Copa Libertadores, wato kofin zakarun Kudancin Amurka, a gidan São Paulo ta Barazil, bayan an kai ga bugun fenareti inda Chilavert ya tare ɗaya, ya kuma ci nasa. A watan Disamba na shekarar, a Tokiyo, suka doke AC Milan da ci 2 da nema.

Abin da ya bambanta shi da sauran gololi shi ne ƙafarsa ta hagu. Shi ke buga wa ƙungiyarsa fenareti da bugun tazara, kuma ya kamata a fahimci kasadar da ke cikin haka. Idan gola ya tafi bugun tazara a bakin gidan abokan hamayya, ya bar ragarsa wayam ke nan a can nesa da shi. In ƙwallon ta daki katangar 'yan wasa ta dawo, ba mai tare ta sai 'yan baya, su kuwa ba su da izinin sa hannu. Saboda haka ba a ba gola wannan dama sai in ya fi kowa a ƙungiyar iya bugun. Ƙwallonsa ta farko wa ƙasarsa fenareti ce da ya ci Kolombiya a 1989, kuma wanda ke ragar shi ne René Higuita, wanda shi ma gwanin barin gida ne. A watan Maris na 1996 ya hango golan River Plate, Germán Burgos, ya yi nisa da raga, sai ya sheƙo a guje ya buga bugun tazara tun daga ɓangaren filinsu, ƙwallo ta wuce kan Burgos ta faɗa raga. A 1999 ya ci Ferro Carril Oeste ƙwallo uku a wasa ɗaya, duka da fenareti. Jimlar abin da ya ci a rayuwarsa ta wasa 67 ne, takwas daga ciki wa ƙasarsa, har Rogério Ceni na São Paulo ya zarce shi a 2006.

Sai dai yawan ambaton waɗannan ƙwallaye yakan rufe ainihin gwanintarsa, wadda take a tsaron gidan kansa. Hujja a nan ita ce gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa. Faraguwai, wadda yake wa kyaftin, ta yi canjaras babu ci da Bulgeriya, ta kuma yi haka da Sifen. Wasa na uku da Nijeriya ne a Toulouse, ranar 24 ga Yuni. Nijeriya ta riga ta haye zagaye na biyu, don haka ta hutar da wasu manyan 'yan wasanta. Celso Ayala ya ci tun a minti na farko, Wilson Oruma ya rama, aka tashi 3 da 1. Wannan sakamako ne ya kori Sifen, duk da ta ci Bulgeriya 6 da 1 a daren. A Lens kuwa, Faransa mai masaukin baƙi ta yi ta luguden wuta har minti na 114 kafin Laurent Blanc ya samu ƙofa, kuma ita ce ƙwallon zinare ta farko a tarihin gasar, wato wadda da zarar ta shiga wasa ya ƙare. Aka ga Chilavert yana bin abokan wasansa da suka zube a ƙasa yana tashe su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallo biyu kacal aka zura masa a wasa huɗu. A shekarar ne ƙungiyar masu tarihi da ƙididdigar ƙwallon ƙafa ta IFFHS ta zaɓe shi golan da ya fi kowa a duniya karo na uku, bayan 1995 da 1997.

Zafin zuciyarsa kuwa ba ɓoyayyen abu ba ne, har hoton kare mai yage baki yake sawa a gaban rigarsa. A 1997 an kore shi daga fili saboda faɗa da Faustino Asprilla na Kolombiya. A 2001 ya tofa wa Roberto Carlos na Barazil yawu bayan wasa, abin da babu uzurin da zai wanke shi, kuma hukuncin da aka yi masa ya hana shi buga wasan farko na gasar duniya ta 2002 da Afirka ta Kudu. Amma taurin kan nan ne ya sa a 1999, lokacin da ƙasarsa ta karɓi baƙuncin Copa América, ya ƙi bugawa, yana cewa kuɗin da aka kashe ya fi dacewa da harkar ilmi. Ɗan wasa ya juya wa gasa baya a gidansu, alhali yana ganiyarsa, ba ƙaramin abu ba ne.

Ya ci kofin Faransa da Strasbourg a 2001, shi ya buga fenaretin ƙarshe, ya ci gasar Yurugwai da Peñarol a 2003, ya rataye takalmi a Vélez a 2004. A 2023 ya tsaya takarar shugabancin Faraguwai, bai samu ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa ba.