Tudun Ingila da taɓonsa yake bisa

Jama'a manoma da makiyaya, kowa ya san inda ake samun taɓo: cikin fadama, ko bakin tabki in damana ta yi. Bisa tudu kuwa sai rairayi da tsakuwa. To, akwai ƙasar da abin ya juya. A arewacin Ingila, a yankin da suke kira Ƙasar Tabkuna, mutum yakan bar busasshiyar hanya a gindin dutse, ya hau bisa ya tarar da laka har gwiwa.

Ɗaya daga cikin tuddan nan sunansa High Seat, kusa da garin Keswick. Tsawonsa mita 608. Ba wani babba ba ne, don dutsen Bagzan na ƙasar Ayar ya kai mita 2022. Ruwa ne bambancinsu. Wani ƙauye na kusa, Seathwaite, yana samun ruwan sama fiye da milimita 3000 a shekara. Maradi kuwa wajen 500 take samu. Ruwan damana shida ke nan a shekara guda.

Masu hawa sukan tashi daga wata tsohuwar gadar dutse mai suna Ashness. Suna sa takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa, su riƙe sanda da taswira. Da fari hanya a miƙe take, sai haki da gumi. Can bisa sai ƙasa ta baje kamar fili. Baƙo ya ce wahala ta ƙare, alhali nan take farawa. Ƙasar tana rawa ƙarƙashin ƙafa. Inda ya fi kore da kyaun gani, nan ya fi mugunta: mutum ya taka, ya nutse, wani lokaci ya fito ba takalmi. Wanda ya san wurin sai ya gwada da sanda tukuna, ya bi kan tushen ciyawa mai tauri. Akwai wata ciyawa mai farin kai kamar kaɗa. Inda ta yi yawa, akwai ruwa ƙarƙashi.

Me ya kawo taɓo bisa tudu? Wani irin gansakuka ne yake tsira can, mai shan ruwa kamar soso. In ya mutu ba ya ruɓewa sosai, saboda sanyi da yawan ruwa. Sabo ya tsira bisa tsoho, a hankali ya zama baƙar ƙasa mai laushi. Kaurinta yana ƙaruwa da wajen milimita 1 a shekara. Ke nan wanda ƙafarsa ta shige rabin mita, ya taka aikin shekara 500.

Bayan tafiyar wajen awa 2 sai a kai ƙololuwa, inda masu auna ƙasa suka gina ɗan ginshiƙi bisa fa. Daga nan ido yana shan kallo. Gabas ga dutsen Helvellyn, mita 950, ya yi dogon baya kamar raƙumi a kwance. Arewa ga Skiddaw, mita 931. Can kudu maso yamma ga Scafell Pike, mita 978, wanda ya fi kowane dutse na Ingila tsawo. Lokacin ɗari kawunansu sukan yi fari fat da ƙanƙara. Amma sai in an yi sa'a. Hazo yakan sauko farat ɗaya, mutum ya kasa ganin abokin tafiyarsa, har sai ƴan sa kai na garin Keswick sun fito neman wanda ya ɓata.

Tuddan nan wurin kiwo ne. Tumakinsu ana ce musu Herdwick. Ana haifar ɗan baƙi wuluk, in ya girma ya koma ruwan toka da farin kai. Ba mai bin su kullum da sanda. Kowace tunkiya ta san yankin kiwonta, ita ce kuma take nuna wa ɗanta.

Ga inda gardama take. Wani sashe na ruwan da yake gangarowa gabas daga wannan jerin tuddai yana shiga tabkin Thirlmere. Tun shekara ta 1894 daga tabkin nan ake kai wa birnin Mancesta ruwan sha, tafiyar kilomita 154, fiye da Maradi zuwa Tasawa. In ƙafafun masu yawo da kofaton tumaki suka kashe gansakuka, baƙar ƙasar takan bushe ta tsage, ruwa ya kwashe ta, ya sauko da gudu kuma da dauɗa. Mutanen Keswick sun san ɓarnar ruwa: gari ya ci ambaliya a 2009, ya sake ci a watan Disamba na 2015, lokacin da milimita 341 ya zuba cikin kwana guda a wani mashigin dutse na kusa.

Don haka hukuma takan biya makiyaya kuɗi su rage tumaki bisa tuddai. Makiyaya da yawa ba su so, kuma suna da hujja: garken da ya bar wurinsa, in sanin ya ɓace, ba a sayo shi a kasuwa. Su kuma masu yawo an shimfiɗa musu faffaɗan duwatsu a wurin da ya fi caɓi, kudu da High Seat, an kuma toshe wasu kwazazzabai don ruwa ya tsaya, gansakuka ya sake tsira.