Wanke Kafireto Ya Fi Daɗi

Da an tashi daga makaranta, wasu ɗaliban Rimin Gado ba gida suke nufa ba, sai rumfar kanikawa a bakin titin Kano zuwa Gwarzo. A can babura sun fi motoci yawa, ga injinan ban ruwa da manoman rani ke kawowa.

To, wane aiki yaran suka fi so? Juye baƙin mai dai kowa gudunsa yake, saboda faɗan Inna kan yunifom. Goge filogi kuwa ko ɗan aji ɗaya ya iya. Wanke kafireto shi ne sarki. Ka kwance shi, ka wanke da fetur nesa da wuta, ka busa ƙananan ramukan da ƙura ta toshe, ka mayar, ka buga. Babur ɗin da aka turo ɗazu sai ya tashi da ƙara, oga ya gyaɗa kai.

Sai dai sabbin motoci sun daina amfani da kafireto, injekta suke ɗauke da ita. Idan ta samu matsala, kwamfuta ake jonawa, kuma da Turanci take bayani.