NAMAN SHANU KO BUROKOLI: WANNE YA FI AMFANI GA JIKI?

Kwanan baya wata gardama ta tashi a zauren wani dattijo a Aboabo, ran suna, har ta kai ga ɗaga murya. Wani yaronmu ne da ya zo ganin gida daga Amurka ya ga an ajiye wa mahaifinsa kwano shaƙe da tozo, sai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri a ɗauke wannan, likita ya riga ya ce kana da hawan jini." Bai tsaya nan ba, ya ce can inda ya ke akwai wani ganye, burokoli, wanda ya fi naman shanu gina jiki. Wani mahauci da ke zaune ya yi dariya, ya ce, "Yaro, tun kakanninmu saniya ke cin ciyawa, ba mu taɓa jin ciyawa ta fi saniya ba." Aka watse ba a daidaita ba.

Mun ga maganar nan ta fi ƙarfin raha, gama ta shafi lafiyar dattawanmu, da ta 'ya'yanmu, da kuɗin cefane, da kuma sana'ar 'yan'uwanmu mahauta. Don haka muka ce bari mu ɗora su biyun bisa sikeli, kamar yadda a ke yi a kasuwa, kowa ya ga nauyin kayansa.

MENE NE BUROKOLI?

Burokoli ɗan'uwan kabeji ne, asalinsa daga ƙasar Italiya. Kansa a ke ci, watau tarin 'yan furanni kore waɗanda ba su buɗe ba, tare da ƙararsa. Shuka ce mai son sanyi, shi ya sa ba ta yawaita a gonakinmu ba, kuma ta ke tsada a manyan kantunan Kumasi da Ankara. Ko a Amurka ba kowa ke sonsa ba. A 1990 shugabansu na lokacin, George Bush babba, ya faɗa a fili cewa ba ya ƙaunarsa, har ya hana a kawo masa shi cikin jirginsa.

ABIN DA SIKELI YA NUNA

Mu ɗauki giram 100 na kowanne, watau ƙasa kaɗan da rubu'in laba. Bisa lissafin Ma'aikatar Noma ta Amurka, dafaffen naman shanu mai matsakaicin kitse yana da furotin, abin nan mai gina tsoka, kamar giram 26, da kitse giram 15, da ƙarfin abinci kalori 250. Ɗanyen burokoli kuwa furotin ɗinsa giram 2.8 ne, kitse bai kai rabin giram ba, kalori 34, kusan kashi 90 cikin ɗari nasa ruwa ne.

To, ga hisabi. Wanda ke son ya sami furotin ɗin yankan naman nan daga burokoli, sai ya ci fiye da giram 900, kusan kilo guda ke nan. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin kamar giram 50 kowace rana. Wa zai iya cinye ganye kusan kilo biyu daga safe zuwa dare?

Daga ina maganar yaron ta fito? Waɗansu masu lissafi ba da nauyi su ke aunawa ba, da kalori su ke yi. Kalori 100 na burokoli, watau giram 300, yana ba da furotin kamar giram 8. Kalori 100 na naman da muka ambata, watau giram 40 kacal, yana ba da kamar giram 10. Sai fa in an zaɓo nama mai kitse ƙwarai a ke samun ganye ya wuce shi. Ashe dai a wannan fanni mahauci ke da gaskiya.

Haka kuma wajen sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Naman yana da miligiram 2.6, burokoli 0.7. Bayan haka, irin ƙarfen da ke cikin nama jiki yana ɗaukar kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari nasa, na ganye kuwa daga kashi 2 zuwa 20. Sa'an nan akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa zama lafiya sai da shi. Yankan naman nan ya ishi babban mutum na yini guda, amma burokoli ba shi da shi ko kaɗan, haka sauran ganyaye. Sai a nama, da kifi, da ƙwai, da nono.

Amma kada mahauci ya yi saurin tashi, sikeli bai gama magana ba. Giram 100 na ɗanyen burokoli yana da bitamin C miligiram 89, wanda ya kai abin da babban mutum ke bukata a yini. Dafaffen nama ba shi da shi. Burokoli yana da zaren nan na ganye mai sassauta ciki, giram 2.6, nama ba shi da ko ɗis. Yana kuma da bitamin K, da folet, wanda mace ke bukata tun farkon shigar ciki. Watau abin da ɗaya ya rasa, shi ke wurin ɗaya.

WA KE CI, WA KE BUKATA?

Nan ne maganar ta zo gida. An ce tuwon girma miyarsa nama, mun kuwa riƙe wannan sosai. A gidajenmu da yawa tsoka da tozo na maigida ne da baƙinsa, uwargida ta ɗanɗana, yara su sami ƙashi da romo. Alhali kuwa jiki ba haka ya ke rabo ba. Yaro mai girma, da mace mai ciki ko mai goyo, su suka fi bukatar abin da ke cikin nama. Dattijon da ya ba hamsin baya, yana zaune a rumfa tun safe, shi kitse da gishiri su ke cuta.

Ba yau aka san wannan a ƙasar nan ba. A 1933 wata likita, Cicely Williams, tana aiki a asibitin yara na Ankara, ta ba da labarin wata cuta mai kumbura yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. A 1935 ta sa mata sunan da mutanen Ga ke kiranta da shi, kwashiyoko, sunan da duniya duka ta ɗauka. Binciken lafiya na ƙasar Gana na 2022 kuma ya nuna kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, haka mata kamar huɗu cikin goma. Waɗannan ba burokoli zai tashe su ba. 'Yar tsoka, ko hanta kaɗan, ko ƙwai, ko kifi, su ya kamata a fara sa musu a kwano.

Dattawa kuwa, su ma a ji nasu. A 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa naman da aka sarrafa, irin na gwangwani da sosej, yana jawo ciwon dajin hanji, kuma mai yiwuwa ne yawan cin jan nama shi ma yana da hannu. Masana sun ba da shawara kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, watau kamar laba guda, a kasa shi uku. Hukumar kuma ta ce a ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 kowace rana, gishiri kada ya kai giram 5. Ashe yaron nan ya yi kuskure a lissafi, amma ya yi daidai da ya ce a ɗauke kwanon tozo.

BUROKOLINMU NA GIDA

Ba sai an je kanti ba. Alayyafu, da ayoyo, da kontomire, da zogale suna nan tuli a Kejetiya da kasuwar Asawase. Ɗanyen ganyen zogale yana da furotin kamar giram 9 cikin 100, ya ninka na burokoli sau uku. Alayyafu da ayoyo sun ninka shi kamar sau huɗu wajen kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Wajen bitamin C ne ya fi su, lemo ɗaya kuwa ko 'yar gwaba sun cike wannan. Wanda aljihunsa bai kai nama kullum ba, ga wake da gyaɗa. Kwanon wake da shinkafa, da ƙwai da ganye a kai, abinci ne cikakke.

Sai dai a lura da abu huɗu. Na fari, bitamin C ba ya jure doguwar dahuwa, kanwa kuma tana kashe shi, don haka a sa ganye daga ƙarshe, a rage kanwa. Kontomire ne kaɗai dole ya dahu sosai saboda ƙaiƙayinsa. Na biyu, nama da ganye a tukunya ɗaya suna taimakon juna, gama bitamin C da 'yar tsoka suna sa jiki ya ƙara ɗaukar ƙarfen ganye. Na uku, shayi mai kauri yana tare wannan ƙarfe, saboda haka a jinkirta ataya kamar awa guda bayan an ci abinci. Na huɗu, wanda likita ya ɗora bisa maganin tsinka jini mai suna warfarin, kada ya ƙara ko ya rage cin ganye farat ɗaya sai ya shawarci likitansa, domin bitamin K yana sauya aikin maganin.

Ga 'yan'uwanmu mahauta, ba mu ce a bar nama ba. Mai saye dattijo in ya zo, a yanka masa tsoka, a rage masa kitse. Ga masu gida kuma, gobe in an sauke tukunya, a leƙa kwanon yara da na uwarsu kafin a miƙo na zaure. Allah Ya ba mu lafiya. Wassalam.