Inda Hausa Ke Jan Hannun Ɗalibi a Jarrabawar Turanci

Da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista a farkon shekara, kasuwar masu sayar da tsofaffin tambayoyi ita ma sai ta buɗe. A ƙofar makarantu da shagunan littattafai na Kano da Zariya da Sakkwato za ka tarar da ƙananan littattafai jibge, yara na saye suna tafiya gida su duƙufa hadda. Ba wanda zai ce ba sa ƙoƙari. Duk da haka, a 2024, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.8 da aka fitar da sakamakonsu a faɗin Najeriya, kimanin miliyan 1.4 ba su kai maki 200 cikin 400 ba.

Turanci na da babban kaso a wannan lissafi. Cikin tambayoyi 180 da ɗalibi zai amsa a awa biyu, 60 na Turanci ne, sauran darussa uku kowanne 40. Kuma ba wanda ya tsira daga gare shi, ko likitanci kake nema, ko shari'a, ko Larabci, ko ma Hausar kanta. Ban da haka kuma sai ka samu kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO. Shi ya sa za ka ga yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi yana zaune gida shekara da shekaru, Turanci kaɗai ya tare masa ƙofa.

Abin da nake gani shi ne, yawancin kurakuran da ɗan Bahaushe ke yi a wannan darasi ba daga rashin basira suke zuwa ba. Hausa ce ke aiki a ƙarƙashin Turancinsa, tana kai hannunsa ga amsar da ta dace da nahawunta. Mai shirya tambaya kuwa ya san yadda ake magana a titi, don haka yakan dasa wannan amsar cikin zaɓi huɗun, ta yi wa ɗalibi daɗi a kunne, ya danna ta da ƙarfin zuciya.

Ɗauki tambayar korewa. In aka ce maka, "Ba ka ci abinci ba?" kuma ba ka ci ɗin ba, sai ka ce, "E, ban ci ba." Kana gaskata mai tambaya ke nan. Bature ba ruwansa da mai tambaya, aikin yake dubawa: in ba a yi ba, "No, I haven't" zai ce. Haka ma 'yar wutsiyar da ake laƙa wa zance don neman tabbaci. Mu "ko?" ɗaya ta ishe mu a kowace jimla, sai yaro ya ɗauka "isn't it" ita ce "ko" ta Turanci, ya riƙa manna ta ko'ina. Alhali tasu wutsiyar tana bin aikatau da wakilin sunan jimlar, tana kuma juya ta: "She came late, didn't she?" amma "You won't go, will you?"

Sai batun jam'i. Muna cewa shawarwari, bayanai, kayayyaki, babu laifi ko kaɗan. Turanci kuwa ya ajiye "advice", "information", "furniture", "luggage" da "equipment" a cikin abubuwan da ba a ƙirgawa, kamar yadda mu ba ma ƙirga gishiri. Duk wanda ya ƙara musu harafin jam'i ya zubar da maki. Lokaci ma haka. "Na gan shi" ɗinmu guda ɗaya na ɗauke da "I saw him" da "I have seen him", kuma ƙa'idar da ke raba su ba ta da tsawo: in an ambaci lokacin da ya wuce ya ƙare, jiya ko bara, to "have" ba ta da wuri.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne "borrow me your pen", domin Hausa ta riga ta warware shi tun tuni. Kowane yaro ya san bambancin "na ari littafi" da "na ara masa littafi". Na farko shi ne "borrow", na biyu "lend". Tushen kalmar ɗaya ne a wurinmu, shi ya sa yaro ke haɗa su. Malamin da ya rubuta waɗannan jimloli biyu na Hausa a allo ya gama darasin cikin minti ɗaya, kuma ba za a manta ba.

A nan ne nake da ja da makarantun da ke cin tarar yaro ko dukansa don ya yi Hausa a aji. Niyyarsu mai kyau ce, suna so bakin yara ya saba. Amma hana ambaton Hausa bai hana ta aiki a cikin kai ba, ya dai hana yaro ganin inda take karkatar da shi. Gara malami ya fito fili ya ce, ga yadda muke faɗa, ga yadda suke faɗa, ga inda hanya ta rabu. A yi Turanci sosai a aji, amma a bar wa Hausa minti biyar na bayani.

Sashen furuci ma, wanda WAEC ta ware wa takarda guda, yana da fuska biyu. Hausa na da wasula biyar, gajeru da dogaye, da tagwaye biyu. Turancin Ingila na da sautin wasali wajen 20. Ba mu raba "p" da "f", ba ma son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa muka sami burodi da birki da fulawa. Wannan sai an zauna an saurara da kunne, ba a koyonsa daga takarda. Amma muna da jarinmu. Kunnen da ke bambanta kukan yaro da kukar miya ta karin sauti kawai ba zai sha wahalar jin inda nauyi ya faɗa a "record" na suna da "record" na aikatau ba, in dai an nuna masa abin da zai saurara.

Salon magana kuwa, a nan hadda ta fi cutar da yara. Ana ba su jeri mai tsawo, "white elephant", "bury the hatchet", "once in a blue moon", kowanne da ma'anarsa a gefe, su haddace yau su manta jibi. Wa ya taɓa haddace ma'anar dogon hannu ko farin jini ko ruwan ido daga jeri? A bakin mutane muka ji su, cikin zance, har suka zauna. Na Turanci ma a cikin labari suke zama. Littafin da JAMB ke ɗora wa ɗalibai, kamar The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba da aka fara a 2025, dama ce ta karanta Turanci mai tsawo daga farko zuwa ƙarshe. Da yawa sai su sayi taƙaitawa mai 'yan shafuka. Wataƙila su ci tambayoyin littafin, amma sun yi asarar kalmomi da saurin karatun da za su buƙata a sashen auna fahimta. Saurin nan ba ƙaramin abu ba ne: tun da jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, agogo na gaban ɗalibi yana tafiya, kuma in aka raba awa biyu ga tambayoyi 180, kowace daƙiƙa 40 take samu. A cikin wannan gaggawa ne mutum ke zaɓar kalma mai ma'ana ɗaya alhali kishiya aka tambaya.

Masu rubuta jarrabawar neman aikin kwastan, shige da fice, 'yan sanda ko aikin gwamnati kuwa suna da ƙarin kaya bayan Turanci, wato tambayoyin sanin ƙasa da al'amuran yau da kullum. Wasu amsoshin ba sa motsi: haɗe Kudu da Arewa a 1914, 'yancin kai a 1960, jamhuriya a 1963, ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360. Ƙirƙirar jihohi ta fi sauƙin riƙewa in mutum ya fara daga gida. Jihohi 12 aka yi a 1967, suka zama 19 a 1976. Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, Zamfara daga Sakkwato a 1996, shekarar da aka cika 36. Wasu amsoshin kuwa suna canjawa, kuma ɗan littafin da aka buga shekaru biyar baya bai sani ba. A watan Mayun 2024 Najeriya ta koma tsohon taken ƙasa, ministoci da shugabannin hukumomi kuma sauya su ake yi. Waɗannan sai mai sauraron labaran rediyo da karanta jarida, kuma in jaridar ta Turanci ce, yana karatun darasi biyu ne a zama ɗaya.